Yadda Ake Gina Jarumi a Wasan Skyrim

Wasan Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011, yana farawa ne da kai a ɗaure a bayan keken doki, za a kai ka garin Helgen inda hauni ke jira. Da an sauke ka, sai wani soja ya duba takarda, bai ga sunanka ba, ya tambaye ka ko kai wane ne. Daga nan aikinka ya fara.

Da farko ka zaɓi ƙabila cikin guda 10. Kowace da baiwarta: Nord na jure sanyi, Dunmer na jure wuta, Argonian mai siffar ƙadangare yana numfashi a cikin ruwa, Khajiit mai kamar kyanwa yana gani cikin duhu. Amma kada baiwa ta ruɗe ka, duba matsayin ƙabilar a ƙasar Skyrim. Fataken Khajiit a wajen ganuwa suke kafa tanti, ba a barinsu su shiga birni. 'Yan Dunmer na garin Windhelm kuwa an cusa su a unguwar marasa galihu. Wanda ya fito daga cikin waɗannan ya riga ya sami abin da ke ci masa rai.

Sai fuska da suna. Kada ka daɗe a nan, kwalkwali zai rufe hancin da ka ɓata awa guda kana gyarawa.

Babban aikin ba a kan allo ake yin sa ba. Ɗauki takarda ka rubuta me ya kawo mutumin nan Skyrim, me yake nema, kuma me ba zai taɓa aikatawa ba ko da wuƙa a wuya. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi, domin wasan kusan ba ya hana ka komai. Mutum ɗaya zai iya shugabantar mayaƙan Whiterun, da makarantar sihiri ta Winterhold, da ƙungiyar ɓarayin Riften, babu mai ce masa kanzil. To, idan ka ce jaruminka maƙeri ne mai gudun abin kunya, ya ga akwati a gidan mutane, sai ya wuce.

Ba a zaɓar sana'a tun farko. Fasahohi 18 ne, kowace tana ƙaruwa gwargwadon yadda kake amfani da ita, don haka ka riƙe uku ko huɗu da suka dace da halinsa. Ka yi hattara da baka da kibiya: sanɗa da harbi daga ɓoye suna da sauƙi har masu wasan na yi wa juna ba'a cewa kowa maharbi yake komawa, ko da boka ya faro.

Idan kuma jaruminka ba shi da haɗi da dodannin wasan masu aman wuta, ka jinkirta aikin sarkin Whiterun na zuwa hasumiyar tsaro ta yamma. Muddin ba ka kashe dodon wurin ba, sauran ba za su fara sauko maka a hanya ba.