Aikin Wucin Gadi Ga Wanda Ya Fito Daga Gidan Yari

Ran da aka buɗe wa ɗaurarre ƙofa, hukuncin shari'a ya ƙare, amma wahalarsa ba ta ƙare ba. Yakan fito ba jari, ba sana'a a hannu, masu ɗaukar ma'aikata kuma suna gudunsa. Idan yunwa da zaman banza suka haɗu, sau da yawa tsofaffin abokai ne ke fara yi masa maraba. Domin toshe wannan kafa ne waɗansu ƙasashe suka ƙago shirin aikin wucin gadi.

Yadda Shirin Yake

Sanannen misali yana birnin New York na Amurka, wajen wata ƙungiya mai suna Center for Employment Opportunities. An soma aikinta a ƙarshen shekarun 1970, ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1996. Wanda aka sako yakan yi 'yan kwanaki ana koya masa ladubban wurin aiki, sa'an nan a sa shi cikin ayarin ma'aikata masu shara da gyare-gyare a ma'aikatun hukuma. Ana biyansa ladansa kullum da an tashi, gama mai neman abincin yau ba zai iya jiran ƙarshen wata ba. Kowane mako kuma yana ganawa da jami'in da ke taya shi neman aiki na dindindin.

Abin Da Bincike Ya Nuna

A rahoton da cibiyar bincike ta MDRC ta fitar a 2012, an gwada waɗanda suka shiga shirin da takwarorinsu da ba a ba su irin wannan aiki ba. An ga cewa komawa ga laifi ta ragu, musamman ga waɗanda aka ɗauka cikin wata 3 da fitowarsu. Amma fifikon da suka samu wajen aiki ya dushe bayan aikin wucin gadin ya ƙare. Darasin a fili yake. Watannin farko su ne masu hatsari, aikin wucin gadi yana tsallakar da mutum daga cikinsu. Samun aiki mai ɗorewa kuwa sai da yardar masu ɗaukar ma'aikata.

Inda Nijeriya Ta Tsaya

A 2019 aka kafa dokar da ta mai da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya, watau manufa ita ce gyara mai laifi da mai da shi cikin jama'a. Ana koyar da kafinta da ɗinki da walda da noma a gidajen gyaran hali, ana kuma ba waɗansu kayan sana'a bayan sun fito. Sai dai keken ɗinki ba ya ciyar da telan da kowa ke ƙin kai wa yadi.

Saboda haka ya kamata 'yan kwangila da masu masana'antu da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su gwada irin waɗannan mutane, ko da na 'yan watanni ne, su biya su a kan kari, su kuma ba wanda ya yi gaskiya takardar shaida. Dangi da masu unguwa su tsaya masa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk wanda ya kama sana'a bai koma sata ba, unguwarsa ce za ta yi barci da ido biyu a rufe.