Ɗigon Man da Ke Hana Kwamfuta Zazzaɓi

Filin Kimiyya da Fasaha

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan mai ne da ake sakawa a cikin kwamfuta, wanda yawansa bai wuce ƙwayar waken suya ba. Masu gyara suna kiransa tamal fes, mu kuma a nan za mu kira shi man firosesa. Idan an saka shi daidai, kwamfuta za ta yi aikinta ko da ana zafin bazara. Idan an saka shi ba daidai ba, ko ya tsufa ya bushe, sai fankarta ta yi ta ƙara, ta rage gudu, wani lokaci ma ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Wannan magana ta shafe mu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma sau da yawa jarrabawar tana faɗowa ne a lokacin zafi. A nan Funtua, a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35. Ga shi kuma yawancin laftof ɗin da yayyenmu suke koyon aiki da su na hannu ne, sun yi shekaru kafin su zo mana. Wata ma sai da aka sayar da buhunan masara aka saye ta. Wanda bai san dalilin zafin ba zai iya cewa ta lalace, ya sayar da ita a wulaƙance, alhali abin da take bukata bai wuce shara da ɗigon mai ba.

Daga ina zafin yake fitowa?

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar da take yin duk lissafin kwamfuta. A cikinta akwai ƙananan makunnai da ake kira taranzisto, waɗanda suke kunnuwa suna kashewa da sauri ƙwarai. Firosesar Intel 4004 da aka fitar a 1971 tana da taranzisto 2,300 ne kacal. Na yanzu kuwa suna da biliyoyi. Kusan duk wutar da firosesa ta sha, zafi take komawa. Ta laftof takan sha wat 15 zuwa 45, ta kwamfutar tebur kuma sau da yawa wat 65 ko fiye. Ku tuna duk wannan zafin daga wuri ɗan ƙarami yake fitowa, wanda bai kai faɗin kwalin ashana ba.

Yawancin firosesa na zamani idan zafinsu ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Digiri 100 kuwa shi ne zafin da ruwa yake tafasa. Idan rage gudun bai yi magani ba, sai kwamfutar ta kashe kanta.

Hanyar da zafi yake bi ya fita

Ku dubi injin babur. Za ku ga jikinsa yana da haƙarƙarin ƙarfe a jere. An yi su ne don iska ta sami wuri mai faɗi da za ta taɓa ta kwashe zafi. Haka ma a kwamfuta akwai irin wannan ƙarfe mai haƙarƙari da ake ɗora wa firosesa, mu kira shi ƙarfen shan zafi. Da alminiyam ko jan ƙarfe ake yin sa. A laftof akwai ɗan bututun jan ƙarfe da yake ɗauko zafin daga kan firosesa ya kai shi gefe, inda fanka take hura shi waje.

Ke nan zafi yana tashi daga firosesa, ya shiga ƙarfen shan zafi, daga nan iska ta tafi da shi. Matsalar tana wurin da firosesa da ƙarfen suka haɗu.

Aikin man

Idan ka kalli saman firosesa da ƙasan ƙarfen shan zafi, za ka ga kamar sumul suke. Amma da za a duba da madubin da ke ƙara girman abu, za a ga tudu da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa. Idan aka haɗa su, tudu da tudu ne kawai suke taɓa juna, kwarin kuma iska ce a ciki. Iska kuwa ba ta iya wuce da zafi.

Masana suna ba kowane abu lamba gwargwadon yadda zafi yake ratsa shi. Wanda lambarsa ta fi girma, zafi ya fi saurin bi ta cikinsa:

Jan ƙarfe: kusan 400
Alminiyam: sama da 200
Man firosesa: yawanci tsakanin 1 da 10
Iska: kusan 0.026

Ku lura da abu biyu. Man da lambarsa take 5 ya ninka iska kusan sau 200. Amma kuma jan ƙarfe ya ninka wannan man sau 80. Ashe man ba ƙanƙara ba ne, ba ya sanyaya komai da kansa. Aikinsa kawai ya kori iska ya cike ramukan nan. Ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar ƙarfe ba. Saboda haka abin da ake so shi ne ya rufe ko'ina, kuma ya zama siriri iyakar iyawa. Wannan shi ne kan darasin namu.

Mu yi ɗan lissafi

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa mai suna Joseph Fourier ya wallafa littafinsa a kan tafiyar zafi a 1822. Daga ƙa'idarsa mun san cewa idan kaurin abu ya ninka sau biyu, wahalar da zafi zai sha kafin ya ratsa shi ma ta ninka sau biyu.

Ga misali. Mu ɗauka firosesar laftof ce mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1, tana fitar da wat 25, kuma lambar man 5 ce. Idan kaurin man milimita 0.05 ne, wato kamar rabin kaurin takardar littafin rubutu, firosesa za ta fi ƙarfen shan zafi ɗumi da digiri 2.5 kawai. Idan kaurin ya zama milimita 0.5, wato ninki goma, bambancin ya koma digiri 25. Firosesar da ya kamata ta tsaya a digiri 75 sai ga ta a 97 da rabi, ta fara rage gudu. Rabin milimita ne fa ya jawo duk wannan.

Hanyoyi huɗu na saka man

1. Ɗigo a tsakiya. A ɗiga kamar ƙwayar waken suya a tsakiyar firosesa, a ɗora ƙarfen, nauyinsa ya baza shi. Wannan ta fi sauƙi kuma ba ta cika kulle iska a ciki ba. Aibinta shi ne man yana bazuwa a zagaye kamar waina, don haka kusurwoyi huɗu na iya zama a bushe.

2. Layi ɗaya. A ja siririn layi a tsakiya. Ta dace da firosesar da tsawonta ya fi faɗinta.

3. Alamar sau. A ja layi biyu su gitta juna kamar alamar sau ta lissafi. Wannan tana kai man har kusurwoyi, shi ya sa ta dace da firosesa mai faɗi. Sai dai a kula, ta nan aka fi zuba mai ya yi yawa.

4. Shafawa. A ɗiga kaɗan, a sa ɗan kati mai tsabta a shafe saman duka, siriri. Amfaninta kana gani da idonka cewa ko'ina ya samu. Amma idan hannu bai daidaita ba, wani gefe zai fi wani kauri.

To wacce ta fi? Ya danganta da irin kwamfutar. Firosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe a kanta, wanda yake baza zafi kafin ya iso ga man. A kan irin wannan, idan an sa man da ya isa, bambancin hanyoyin huɗu ɗan kaɗan ne, ɗigo ko alamar sau duk sun wadatar. Firosesar laftof kuwa ba ta da murfi, tsirara take, tana ƙyalli kamar madubi. Duk kusurwar da man bai kai ba, nan zafi zai taru. Don haka a laftof shafawa ta fi tabbas.

Tsakanin ya yi kaɗan da ya ɗan yi yawa, ƙarancin ya fi illa, domin yana barin wuri a bushe. Wanda ya ɗan yi yawa kuwa, idan an ɗaure ƙarfen da kyau rarar za ta fito ta gefe. Kauri yana zama matsala ne idan ɗaurin bai yi ba, ko man ya yi tauri, ko an ɗora sabo a kan tsoho.

Gwajin da za mu iya yi a aji

Gani ya kori ji. Ku samo farar roba mai tauri guda biyu wadda ake gani ta cikinta, kamar murfin gidan faifan CD. Ku zana murabba'i mai santimita 3 a kan ɗaya. Ku ɗiga makilin a tsakiya, ku ɗora ɗayar ku danna. Ku duba ko ya kai kusurwoyi. Ku goge, ku sake da layi, sannan da alamar sau. Daga ƙarshe ku danna gefe ɗaya kawai, za ku ga man ya gudu gefe guda ya yi kauri. Ku ɗaga robar ku mayar, za ku ga ƙananan kumfar iska sun shiga. Makilin ɗin na gwaji ne kawai, ba na kwamfuta ba.

Yadda mai gyara nagari yake yi

1. Ya kashe kwamfutar, ya zare caja, ya cire batir ko ya zare wayarsa.
2. Ya kwance ƙarfen shan zafi a hankali.
3. Ya goge tsohon man tas daga ɓangarorin biyu da sifirit da ƙyalle mara gashi, ya bari su bushe.
4. Ya saka sabon man, ba tare da ya taɓa wurin da yatsa ba.
5. Ya ɗora ƙarfen sau ɗaya. Idan ya ɗaga, sai ya goge ya sake daga farko.
6. Ya ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda take kallonta, kamar yadda mai faci yake ɗaure notin tayar mota. A laftof da yawa an rubuta 1, 2, 3, 4 kusa da sukurorin don a bi su a jere.
7. Ya auna zafin kafin aiki da bayan aiki da manhaja irin su HWMonitor ko Core Temp, don mai kaya ya ga bambanci da idonsa.

Abubuwan da ba a sakawa

Kada a sa makilin, domin akwai ruwa a cikinsa, zai bushe ya farfashe. Kada a sa basilin ko giris ɗin mota, zafi zai sa su tsiyaye. Akwai kuma wani nau'i da ake kira ruwan ƙarfe, irin wanda kamfanin Sony ya sa a na'urar wasa ta PlayStation 5 da ta fito a 2020. Yana wuce da zafi sosai, amma yana ɗaukar wutar lantarki, kuma yana cin alminiyam. Ɗigo ɗaya idan ya zuba a kan allon kwamfuta zai iya ƙona ta. Wannan ba na ɗan koyo ba ne.

Kafin a zargi man

A ƙasarmu babban abokin gabar kwamfuta shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika ko'ina da ita, ga kuma ƙaiƙayi da burbushin auduga lokacin kaka. Fanka tana zuƙo su, su taru a haƙarƙarin ƙarfe su zama kamar bargo. Da bazara ta shigo, ga zafi ga hanya a toshe. Komai tsadar man da aka saka, idan iska ba ta wucewa aikin banza ne. Saboda haka a fara da shara. A rufe kwamfuta da ƙyalle idan an kashe ta, kuma a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Shi man ba kullum ake canza shi ba, yakan yi shekaru. Sai an share ƙura an ga zafin bai sauka ba, sannan a duba shi.

Jan kunne ga 'yan uwana: kada wanda ya karanta wannan ya je ya kwance kwamfutar makaranta ko ta yayansa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu nemi malamin kwamfuta ya nuna mana a kan tsohuwar da ta daina aiki. Idan kuma an aike mu wurin mai gyara, yanzu mun san abin da za mu tambaya: an share fanka? An goge tsohon man? Digiri nawa take kaiwa yanzu?

Tambayoyin wannan fitowa

1. Me ya sa ake bukatar mai tsakanin ƙarfe biyu da suke kama da sumul?
2. A misalinmu na lissafi, idan kaurin man ya zama milimita 0.2, digiri nawa ne bambancin?
3. Me ya sa shafawa ta fi dacewa da laftof?

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.

Daga wakilin Filin Kimiyya, aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.