Babi na Shida: Kalmomin Ayari da Sauyin Ma'ana

6.0 Gabatarwa

Kongolam gari ne na kan iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, a kan hanyar da ta bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Garin ba hamada ba ne, amma matafiyan hamada da raƙumansu ba baƙi ba ne a wannan yanki. Za mu ɗauki kalmomin tafiyar ayari domin mu ga yadda kalma kan rayu bayan sana'ar da ta haife ta ta ja baya.

6.1 Tsarin Ayari

Idan aka ce ayari, ana nufin taron fatake da ke tafiya tare, galibi a ƙafa, dabbobi na ɗauke da kaya. Madugu shi ne shugaba. Shi ke yanke ranar tashi da wurin sauka, wato zango. Jagaba kuwa shi ke gaba, domin shi ya san rijiyoyi da alamomin hanya. Har yanzu Buzaye suna yin azalai, inda sukan tashi daga ƙasar Azbin bayan damina, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500, su ɗauko kantun gishiri da dabino su kawo kudu a musanya da gero. A irin wannan tafiya, kuskuren jagaba na yini guda yana iya zama ajalin ayari duka.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da motoci daga bisani, ta karya fataucin ƙafa. Amma kalmomin ba su mutu ba. Faɗaɗa ma'anarsu aka yi. Yau muna jin "ayarin motocin gwamna" da "madugun 'yan adawa" da "zangon karatu". Zango ma ya zama sunan wuri: akwai Zangon Daura, akwai kuma unguwannin Zango a Kumasi da sauran biranen Gana.

6.2 Tsirrai da Namun Daji

A nan ne asarar take. Sunan abu ba ya samun sabon gida cikin sauƙi kamar sunan muƙami.

Ɗauki aguwa da tinya da ƙyarana. Masu fassara sukan yi amfani da ƙyarana a madadin tsiron da Bature ke kira kaktus, saboda kamannin jiki da ƙaya. A ganina wannan fassara tana da haɗari. Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, kuma danginsa daban. Namu uku ɗin nan, in aka yanke su, wani farin ruwa mai kama da madara ke fita, kuma na tinya da ƙyarana dafi ne mai ƙona fata, wanda kan iya lalata ido. Ɗalibin da ya ga ana yanka kaktus a fim ana tsotsar ruwansa, ya kuma karanta cewa kaktus shi ne ƙyarana, an ɗora shi a kan hanyar halaka ke nan. Manomin Dauranci ya fi shi sani: shinge yake yi da aguwa, ta tare masa dabbobi da rairayi.

Na dabbobi ya fi muni. Na taɓa tambayar aji guda ma'anar "mariri", babu wanda ya ɗaga hannu. Ba laifinsu ba ne: a shekarar 2000 aka ayyana cewa wannan dabba mai dogayen ƙahoni ta ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da ita dajin Chadi daga wuraren kiwo. Jimina da barewa sun tsira a bakin mutane ne saboda karin magana da kirari sun riƙe su. Yanyawa kuwa, ƙalilan ne za su iya bambanta ta da dila.

6.3 Aikin Yi

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum biyar, ku zaɓi madugu, ku nemi dattijon ƙauye ya zama jagabanku. Ku fita da sassafe da isasshen ruwa, ku yi tafiyar ƙafa a bayan gari, kada ku ƙetare iyaka. Ku rubuta sunan kowane tsiro da sawun kowace dabba kamar yadda dattijon ya furta, tare da karin sauti da tsawon wasali, sannan ku kwatanta da Daidaitacciyar Hausa. Kada kowa ya taɓa tsiro mai farin ruwa da hannu.