Darasi: In Kwamfuta Ta Ce Ana Binka Bashi, Kada Ka Yi Saurin Biya

'Yan uwa fatake da dillalai, yau da yawa daga cikinmu ta wayar hannu muke aika kuɗin shanu, kuma lissafinmu yana cikin kwamfutar da dubban mutane ke amfani da ita tare. To, yaya za mu yi ranar da muka duba muka ga ajiyarmu ta gangara ƙasa da sifiri, alhali mun san ba mu ci kuɗin kowa ba? Ga abin da ya faru a Birtaniya, don mu ɗauki darasi.

A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara raba wa rassanta wani tsarin lissafi mai suna Horizon, wanda kamfanin Fujitsu ke kula da shi. Masu riƙe da ƙananan rassan 'yan kasuwa ne kamar mu. Yarjejeniyarsu ita ce, duk giɓin da aka samu a lissafi, mai reshe ne zai cike daga aljihunsa.

Sai giɓi ya fara bayyana inda ba a sace komai ba. Misali, a 2015, a wani reshe da ke ƙarƙashin Dalmellington a Sikotilan, an shigar da fam 8,000. Na'ura ta tsaya cik, aka sake danna maɓalli, ita kuwa tana rubuta kuɗin a kowace dannawa, har sau 4. Lissafi ya nuna fam 32,000, ga kuma 8,000 kaɗai a akwati. Ka ga an ɗora wa mai reshe bashin fam 24,000 ke nan, kuɗin da ba su taɓa shigowa ba.

Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu an ɗaure su, wasu sun rasa gidajensu, mutuncinsu ya zube a idon maƙwabta. Abin da ya fi karya musu gwiwa, da yawansu an gaya musu cewa su kaɗai ke da wannan matsala.

Gaskiya ta fara fitowa ne da suka haɗu. A 2009 wani tsohon mai reshe, Alan Bates, ya tara su, kowa ya faɗi nasa, sai ga labari iri ɗaya. Su 555 suka kai ƙara, a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa akwai kurakurai cikin tsarin. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukuncin sauran ɗaruruwa.

Ga abin da ya kamata mu riƙe:

1. Kada mu yar da littafi. Kowane ciniki a rubuta rana, kuɗi, sunan mai karɓa da lambar shaidar da ta shigo waya. Kada a goge saƙon.

2. In waya ta tsaya ana cikin aika kuɗi, kada a sake dannawa. A jira, a duba ragowar kuɗi tukuna.

3. In giɓi ya fito, a nemi cikakken jerin shiga da fita a takarda. A duba ko akwai adadi ɗaya da ya zo sau biyu a lokaci guda.

4. Kada a sa hannu a kan bashin da ba a gane asalinsa ba, ko da an matsa.

5. Kada a ɓoye don kunya. A gaya wa ma'ajin ƙungiya, a tambayi 'yan uwa a kara ko wani ya ga irin haka.

Mu kuma iyayen gida, in lissafin yaronmu bai yi daidai da na waya ba, mu bincika kafin mu kira shi ɓarawo. Kwamfuta mutum ne ya tsara ta, kuma tana kuskure.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.