Darasin Kimiyya: Ina Madekali Take a Doron Duniya?

Yara, ku matso kusa da ƙwallon duniyar nan, ku dubi layukan da suka zagaye shi, wasu a kwance, wasu a tsaye. Ba za ku gan su a gona ko a kan hanya ba. Masana ne suka shata su, domin kowane wuri ya samu lambar da ba ta canzawa.

Na kwance su ne latitud. Ana fara ƙirga su daga ikwaita, ɗamarar da ta raba duniya biyu, wato digiri 0, har digiri 90 a ƙuryar arewa ko ta kudu. Kowane digiri kimanin kilomita 111 ne, kuma an kasa shi minti 60. Malanbil tana digiri 11 da minti 52 arewa, Kwatano kuwa digiri 6 da minti 22. Ku ɗebe. Saura digiri 5 da rabi, kusan kilomita 610 ke nan tsakanin layukansu. Hanyar mota ta fi haka tsawo saboda kwane-kwane.

Na tsaye su ne longitud. A taron Washinton na 1884 aka amince a fara ƙirga su daga Girinwic ta Landan, layin da ya ratsa Tema a Gana. Malanbil tana digiri 3 da minti 23 gabas da shi, Madekali tamu kuma tana ɗan kudu maso gabas da Malanbil.

To, ku buɗe kunne, nan ne jigon darasin. Lamba ɗaya ba ta nuna gari. In ka ce "digiri 12 arewa" ka yi shiru, mai nema zai iya sauka a Kano, domin a layin take, mu ma kusa da shi muke. Longitud ke raba mu: Kano tana digiri 8 da rabi gabas, ta yi mana nisan digiri 5. Duniya kuwa tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri ɗaya a minti 4 na agogo. Shi ya sa rana take faɗuwa a Kano kimanin minti 20 kafin ta faɗi a nan, ko da yake agogonmu ɗaya. Saboda haka da azumi, kada wanda ya ji kiran magariba a rediyon Kano ya kai ruwa baki.

Aikin gida: ku nemo digiri 11 da minti 53 arewa, digiri 3 da minti 27 gabas a taswira. Garin yana hayin Kogin Kwara. Ku rubuto sunansa da ƙasar da yake ciki.