Yadda Ake Duba Ɗan Ƙwallo Mai Ciwon Matsematsi

Ɗan ƙwallon da ya shafe watanni yana jin zafi a matsematsi duk sanda ya buga ƙwallo ko ya juya da gudu, sau da yawa ce masa ake gwaiwa ce, ko a ba shi maganin kashe zafi ya koma fili. Likitan gashin ƙashi da ya san aikinsa ba haka yake yi ba.

Da tambaya yake farawa: ina ne zafin, kuma wane motsi ke tayar da shi? Bugu ne, ko tari, ko tashi daga kwance? Taron masana da aka yi a Doha a 2014 ya kasa ciwon bisa inda ya samo asali: tsokar cikin cinya, tsokar da ke ɗaga cinya, gefen mara, ƙashin gaban mara, ko gaɓar ƙugu kanta.

Bayan tambayoyin, sai a kwantar da ɗan ƙwallon rigingine. Likita ya sa dunƙulen hannunsa tsakanin gwiwoyinsa, ya ce, "Matse da ƙarfi." In zafin da ya saba ji ya taso a cikin cinya, an kama bakin zare. Daga nan a lanƙwasa cinyar, a karkata ta ciki, a murɗa. Idan ya ji kamar an tsunkule shi can cikin gaɓar, sai a zargi ƙugun, a kuma gwada da ɗaya ƙafar.

Matakin da aka fi tsallakewa, wanda a ganina ya fi kowanne, shi ne a miƙar da shi tsaye. Ya tsaya da ƙafa ɗaya ya tsuguna a hankali, likita ya zuba wa kwankwasonsa ido. Za ka ga wani ɓarin ya rafta ƙasa, gwiwa ta faɗa ciki, kafaɗa ta karkata tana neman ceto. A sa shi ya yi tsalle ya dira, ya ruga ya yanke kamar mai kauce wa ɗan baya. Ko da waya aka ɗauki bidiyonsa aka rage saurin, abin da ido ya rasa zai fito.

Magani kuwa, in daga tsokar cikin cinya ciwon yake, ƙarfafa tsoka ne. A binciken Per Hölmich na Danmak a 1999, mutum 23 cikin waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa cinya da ciki sun koma wasa babu zafi, alhali 4 ne kacal a cikin waɗanda aka yi wa tausa da miƙe jijiya da na'ura. Atisayen yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, ana farawa da matse ƙwallo tsakanin gwiwoyi kafin a kai ga gudu da yankewa.

Masu horarwa, yaron da ke dafe matsematsi bayan kowane wasa, don Allah a cire shi a kai shi a duba.