Amsoshin Tambayoyinku: Kawar da Jijiya don Dashen Haƙori

Wani mai sauraronmu daga Ɗanzomo, ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, yana tambaya: turamen mahaifinsa na ƙasa sun zube shekaru da dama, likita ya ce ƙashin ya zaizaye, sai an kawar da jijiya kafin a dasa haƙori. Shin da gaske ana yin haka?

Malam, ana yi. Cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Idan haƙori ya fita, ƙashin wurin yakan riƙa raguwa, har jijiyar ta kusanto dasashi. Ƙusar titaniyam da ake kafa haƙori a kanta kuwa tana buƙatar tazarar kamar milimita 2 daga jijiyar.

Likitoci Jensen da Nock suka bayyana dabarar kawar da jijiyar a 1987. Ana buɗe 'yar taga a gefen ƙashin, a janye jijiyar a hankali, a kafa ƙusoshin, sannan a kwantar da ita. Yawancin waɗanda aka yi wa, leɓensu kan sage na makonni ko watanni. Wasu kaɗan sagewar ba ta sakinsu. Muƙamuƙin ma yana iya karyewa.

Shi ya sa bai kamata a yi wa baba gaggawa ba. Akwai gajerun ƙusoshi, akwai ƙarin ƙashi, akwai haƙoran cirewa masu sauƙin kuɗi. A kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sashen tiyatar baki da fuska, a ɗauki hoton CT a auna ƙashin. Idan yana da ciwon suga, a gaya wa likita.